Harsashin Dodo: Yadda Igwa Ta Cinye Wani Wasan Yaƙi a Sakkwato, da Gyaran da Aka Yi Mata

Wasan da ake magana a kansa na kwali ne, ba na waya ba. Wasu matasa ne a cikin garin Sakkwato suka ƙago shi, kuma a majalisa ake buga shi tsakanin la'asar da magariba. An zana gidaje 30 a tsawo, 20 a faɗi, a bayan wani babban kwali. A ƙarshen kwalin akwai birni mai ganuwa, mutum ɗaya yana tsaronsa, ɗaya ya kawo masa yaƙi. Kowace runduna murfin kwalbar lemo ne da aka juyo bakinsa sama, aka zuba ƙwayar wake 6 a ciki. Waken nan shi ne ƙarfinta: duk sarar da ta sha sai a cire wake, murfi na zama wayam an gama da ita. Ganuwa yanki 12 ce, kowane yanki wake 6, ƙyauren ƙofa kuwa wake 4 tunda itace ne. Kowane ɓangare yana da maki 100 na sayen mayaƙa. Dakaru da 'yan baka maki 10 ne, 'yan lifidi 15. Dakaru suna tafiya gida 2 a zagaye ɗaya, 'yan lifidi gida 3, kibiya tana kai gida 4. Zagaye 12 ake yi, in mai kawo yaƙi bai shigar da runduna biyu cikin birni ba kafin nan, ya sha kashi.

Duniyar wasan ta tatsuniya ce. Babu sunan Shehu ko na wani sarki na gaskiya a cikinta, babu aya ko hatimi a jikin kati, ba a kuma sa kuɗi, don da zarar kuɗi ya haɗu da ɗan ludo magana ta koma caca. Akwai malaman da ba su yarda da wasa da ɗan ludo ba ko da babu kuɗi, saboda haka wanda yake son kauce wa wannan sai ya rubuta 1 zuwa 6 a ƙananan takardu ya zuba a hula. Sharaɗin kawai a mayar da takarda bayan kowace zara. In ba a mayar ba, duk lissafin da zai biyo baya ya rushe.

Wasan yana tafiya lafiya har ranar da aka shigo da igwa.

Dokar da aka fara rubuta mata ga ta: maki 20, tana harbi kowane zagaye, tana kai gida 12, a jefa ɗan ludo ɗaya, in ya nuna 3 zuwa 6 ta samu, a cire wake 2. Sai aka ga ai duniya ce mai tsafi, me zai hana a yi mata harsashi na musamman? Aka ƙirƙiro harsashin Dodo. Maki 5 ne, ba ya ƙarewa, ba ya kuskure, yana cire wake 3 a gidan da ya faɗa da gidaje 8 da ke kewaye da shi, mutum ne ko ganuwa.

Ba sai an buga ba, alƙalami ya isa ya nuna ɓarnar. Igwa biyu da harsashin Dodo maki 50 ne, rabin kuɗin yaƙi. A zagayen farko su auna yanki ɗaya: 3 da 3 sun zama 6, yankin ya faɗi, na damansa da na hagunsa ma sun faɗi tare da shi. Ganuwar da aka gina wasan a kanta ta tafi kafin kowa ya ɗaga ƙafa. In mai birni ya buɗe ƙofa ya saki 'yan lifidi su je su kashe igwar, tazarar gida 12 tafiyar zagaye 4 ce, a harbe su a gida na 12, na 9, na 6, na 3. Harbi biyu ya gama da su, da duk wanda ya raɓe su.

Abin lura shi ne, ko ba Dodo igwar ta riga ta yi ƙarfi, sai dai lissafin tsaka-tsaki ya ɓoye hakan. Harbi huɗu, kowane wake 2, biyu cikin uku suna samu: jimla wake 5 da sulusi, ƙasa da 6. Wanda ya tsaya nan zai ce 'yan lifidi suna isa da sauran numfashi. Amma ba a cire sulusin wake. Abin tambaya shi ne sau nawa harbi uku ko huɗu ke samu cikin huɗu, amsar kuwa 48 cikin 81 ce, kusan kashi 59 cikin 100. Wato fiye da rabin lokaci rundunar da ta fi kowace tsada tana mutuwa ba ta zare takobi ba.

Duk ɗan Sakkwato da ya san tarihin garinsu ya san wannan hoton. Yaƙin ƙasar nan na doki ne da baka da ganuwa. A Tabkin Kwatto a 1804 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Alƙalawa, babban birnin Gobir, sai da aka kai mata hari ba sau ɗaya ba kafin ta faɗi a 1808, domin birni mai ganuwa ba a cin sa da garaje. A Giginya kuwa, ranar 15 ga Maris 1903, Turawa sun zo da igwa da bindiga mai ruwa, karon bai daɗe ba. Abin da ya sami lifidi a filin nan shi ne ya same shi a kan kwali. Masu wasan ba su yi niyya ba, amma Giginya suka rubuta a cikin wasan da suke so ya yi kama da Alƙalawa.

Gyara biyu da ba su yi aiki ba

Na farko ƙarin kuɗi. Aka mayar da harsashin Dodo maki 15. Igwa biyu sun zama maki 70, saura 30, wato dakaru runduna uku. Runduna biyu kawai ake buƙata su shiga birni, kuma babu mai tare su tunda an share masu tsaro daga nesa. Abin da ba shi da magani, kuɗinsa hanya biyu kawai yake bi: ko ya yi arahar da kowa zai saya, ko ya yi tsadar da ba wanda zai taɓa. Babu tsakiya.

Na biyu aka ba mai birni kati mai soke harbin gaba ɗaya. Nan wasan ya koma kirdado: wa ya riƙe kati nawa. Rundunonin da ke kan kwali suka zama 'yan kallo.

Gyaran gaskiya daga igwar ya fara

Kafin a taɓa tsafi sai da aka rage wa igwar baki. Zagaye ɗaya na ɗuri, zagaye ɗaya na harbi. Cikin zagaye 12 harbi 6 ke nan, a zagaye na 2, 4, 6, 8, 10 da 12. Tarihi yana goyon bayan wannan nawa: babbar igwar da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Muhammadu Alfatih, ya kafa wa Kustantiniyya a 1453, harbin da take yi a yini bai cika yatsun hannu biyu ba. Aka bar 3 zuwa 6 ga ganuwa, tunda ba ta motsi, aka mayar da mutane 4 zuwa 6. Yanzu 'yan lifidi harbi biyu kawai za su sha a hanya, in harbin wake 2 ne, mafi muni su rasa wake 4, su iso da 2. Dole mai igwa ya ajiye mata 'yan baka masu gadi, wannan kuma maki 10 ne da suka fita daga wani wuri.

Sai akwatin harsashi. Gurbi 6 gare shi, a cika shi kafin a fara wasa, abokin karawa bai gani ba. A zagayen ɗuri mai igwa ya zaɓi katin harsashi ɗaya ya kife shi a gindin igwar, ba ya canzawa. Wannan ƙaramar doka ta fi duk sauran amfani. Wanda ya ɗura dunƙulen ƙarfe don ganuwa, sai ga ƙofa ta buɗe dawaki sun fito, to da abin da ke ciki zai harba. Mai birni shi ma ya sami abin yi da kansa, yana karanta fuskar abokinsa kamar a gindin dara.

Harsasai na fili huɗu ne, duka daga abin da aka yi a duniya. Dunƙulen ƙarfe maki 1, yana cin gida 3 zuwa 12, wake 2, kuma a busasshiyar ƙasa yana tsalle ya cire wake 1 a gidan da ke baya. A fadama ko taɓo ba ya tsalle, nutsewa yake yi, kamar yadda ruwan sama ya rage wa igwar Faransa kaifi a yaƙin Watalu a 1815. Watsi, wato gwangwani cike da guntayen ƙarfe, maki 1, gida 1 zuwa 3 kawai, a jefa ɗan ludo uku, duk wanda ya nuna 3 zuwa 6 wake 1. Ba ya yi wa ganuwa komai. Jan-wuta dunƙule ne da aka gasa a maƙera, irin wanda Ingilishi suka ƙona jiragen yaƙin Sifen da shi a Jibralta a 1782. Maki 2, yana cinye ƙyaure da rufin ciyawa, wake 1 a kowane zagaye har a kashe wutar, amma in ɗan ludo ya nuna 1 masu ɗurin ne suka ƙone. Na huɗun dunƙulen dutse, wanda amfaninsa zai fito nan gaba.

Da dunƙule zalla ana buƙatar samu uku kafin yanki ya faɗi. Damar a gama a zagaye na 6 ita ce 8 cikin 27. Zuwa zagaye na 8 ta kai kashi 59, zuwa na 10 kashi 79, zuwa na 12 kashi 90. Sai dai ɓarakar da aka samu a zagaye na 12 ba ta da amfani, ba sauran lokacin shiga. A wannan matsin ne harsashin tsafi ya sami gurbinsa.

Dokar da aka kafa masa guda ce: kowane harsashin tsafi aiki ɗaya zai yi, aikin da dunƙule ba ya iyawa, kuma sai an rubuta maganinsa kafin a rubuta kuɗinsa. Ba a je nesa neman suna ba, tunda Bahaushe yana da su tuntuni.

Harsashin gara ya fi kowane kyau, a ganinmu. Tulu ne da aka liƙe bakinsa, cike da garar surin Dodo. Maki 4. Yana samun ganuwa da 3 zuwa 6, ba ya cire komai ranar da ya faɗa, amma a zagaye uku masu zuwa yana cin wake ɗai-ɗai. Jimla 3, ya fi dunƙule da ɗaya, sai dai da nawa. Ganuwar ƙasa da itace kawai yake ci. In taswirar ranar ta birni mai ginin dutse ce, irin kangon Surame na zamanin Kanta Sarkin Kabi, wanda ya cika akwatinsa da gara ya yi asara. Maganinsa toka: mai birni ya tura runduna ɗaya ta ɓata zagaye guda a wurin, cin ya tsaya, amma rundunar ba ta harba kibiya ba a zagayen. A lura da lissafin, da gangan aka yi shi: gara da dunƙule ɗaya wake 5 ne, saura ɗaya. Wannan ɗayan sai dakaru sun je gindin ganuwa da diga sun cire shi a ƙarƙashin kibau. Gara biyu suna kai 6 da samu biyu kacal, a zagaye na 7, in mai birni ya yi sake bai kawo toka ba.

Harsashin baduhu ba ya kashe kowa. Maki 3. Yana saukar da duhu a gidaje 9, ba a harbi daga ciki, ba a harbi zuwa ciki. Da farko an ba shi zagaye huɗu, sai ya zama igwa biyu suna shimfiɗa rumfar duhu tun daga sansani har gindin ganuwa, 'yan baka suka zama maki 10 na banza. Aka koma ga ma'auni: kibiya gida 4, dakaru gida 2, tsallake filin kisa zagaye biyu ne. Saboda haka duhun zagaye biyu yake yi, ba ƙari. Wanda ya harba shi da wuri, duhu ya yaye mutanensa na tsakiyar fili. An kuma ba iska hannu a ciki: a kowane zagaye a jefa ɗan ludo, 1 ko 2 duhun ya gusa gida ɗaya kudu maso yamma, yadda iskar hunturu ke tura hazo.

Sagau, wanda aka sani da sandarar da hannun mai kai sara, shi ne ya fi tayar da gardama a majalisa. A rubutun farko rundunar da ya samu ba ta tafiya, ba ta sara. Igwa biyu masu karɓa-karɓa suna iya daskarar da runduna ɗaya zagaye bayan zagaye, mai ita yana zaune yana kallo. Babu abin da ke korar mutum daga wasa kamar a hana shi taɓa kayansa. Yanzu sagau hannu kawai yake kamawa, na zagaye ɗaya: runduna tana iya gudu, tana iya tare hanya, sara ce dai babu. Ba ya kuma kama runduna ɗaya sau biyu a jere. Maki 4.

Guguwa ta masu ƙarfin hali ce. Maki 3. Tana sauka inda aka auna, sannan zagaye uku ana jefa mata ɗan ludo: 1 gabas, 2 yamma, 3 kudu, 4 arewa, gida biyu-biyu; 5 ta tsaya; 6 ta nufo igwar da ta sako ta. Duk rundunar da ta bi ta kanta ta rasa wake 1, a jefar da ita gida ɗaya. Damar 6 ta fito aƙalla sau ɗaya cikin jifa uku 91 ce cikin 216, kashi 42. Wanda ya sake ta a gaban dakarunsa ya san abin da ya saya. Tana kuma watsa duhun baduhu in ta ratsa shi.

An yi tunanin harsashi mai zuba guba a rijiyar birni, aka watsar. Yana buƙatar lissafin ruwa da abinci da wasan ba shi da shi, kuma kisan mata da yara ba abin raha ba ne ko a kan kwali.

Garkuwar mai birni

Kau-da-bara maki 3 ne, sau ɗaya ake amfani da shi: bayan harbi ya samu, mai katin ya tilasta a sake jifa. A kan mutane wannan yana mayar da rabi ya koma rubu'i. Bai soke harbin ba, ya dai karkatar da shi, daidai da sunansa. Maganin bindiga, wanda ake cewa yana mayar da harsashi ruwa, an bar shi ya yi hakan, amma ruwan yana zuba: gidan ya zama taɓo har ƙarshen wasa, duk mai ratsawa gida ɗaya zai yi a zagaye. In a bakin ƙofa aka yi amfani da shi, mai birni ya ɗaure dawakinsa da hannunsa.

Tauri ya kusa zama Dodo na biyu. Ƙarfe ba ya cin ɗan tauri, to kan kibiya ƙarfe ne, takobi ƙarfe ne, watsi ƙarfe ne. Runduna mai tauri ta zama ba ta mutuwa. Aka taƙaita: runduna ɗaya a kowane ɓangare, a ɓoye, alamar tana ƙarƙashin murfi, kuma sara biyu kawai yake tarewa sai ya karye. Sannan aka ɗauko abin da kowa ke faɗa, cewa tauri ba ruwansa da sanda da dutse. Nan dunƙulen dutse ya sami aiki: wake 1 kawai a ganuwa, ba ya tsalle don farfashewa yake yi, gida 10 iyakarsa, amma yana cire wa ɗan tauri wake 2 kamar kowa.

Saura tambayar nawa ne na tsafi za a bari a akwati. An so a rubuta "biyu kawai", sai aka ga gara a bar tsoro ya yi aikin doka. Duk harsashin tsafi yana gajiyar da igwa. Bayan an harba na farko a jefa ɗan ludo biyu, in jimlarsu 2 ce igwar ta fashe: 1 cikin 36. Bayan na biyu, 4 ko ƙasa: 6 cikin 36. Bayan na uku, 6 ko ƙasa: 15 cikin 36. Igwar da ta harba biyu tana tsira kashi 81 cikin 100, wadda ta harba uku kashi 47. In ta fashe, duk rundunar da ke maƙwabtaka da ita ta rasa wake 2. Wannan ba ƙage ba ne a tarihin igwa: Sarki James na Biyu na Sikotland igwarsa ce ta fashe ta kashe shi a 1460, yana tsaye kusa da ita a wajen kewaye wani sansanin yaƙi mai ganuwa. Masu son su ba wasan launin gida suna iya kiran igwar tasu 'yar Damagaram, tunda a zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19 an ƙera igwa a can.

Da wannan, igwa da cikakken akwati tana cin maki 26 zuwa 35 a yawancin zaɓi, kusan sulusin kuɗin yaƙi, abin da take bayarwa kuwa ɓaraka ɗaya ce a ganuwa ko 'yan zagaye na sauƙi ga dakaru, ba duka biyun ba.

Abu ɗaya bai daidaita ba har yanzu: katin damina. An rubuta cewa in ya fito, albarushi yana jiƙewa, jifar 1 ko 2 igwa ba ta tashi, kati ya zauna a ciki sai zagaye na gaba. Hakan ya yi daidai. Amma an ƙara cewa gara tana cin wake 2 a zagaye saboda laima, wanda ya mayar da tulu ɗaya mai maki 4 ya zama wake 6, yanki sukutum. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a bar cin a wake ɗai-ɗai, a ƙara masa zagaye ɗaya, sannan toka ta daina aiki a zagayen da ake ruwa. Jimla wake 4 ke nan, da dunƙule ɗaya sun cika 6, kuma mai birni yana da zagaye huɗu na neman busasshiyar rana.